Ƙwai mimoza da zafin Afrilu

Tun da aka shiga lokacin bukukuwa saƙon murya ya yi mana yawa a kan abu guda. Mafi yawan masu tambaya mata ne, amma har da maza biyu-uku da suka ce wai iyalinsu ne suka aiko su. Tambayar ita ce: wannan ƙwan da ake gani a faranti wajen walima, an raba shi biyu, an cika tsakiyarsa da wani abu rawaya mai laushi, an barbaɗa jan yaji a bisa, yaya ake yin shi? Mun taɓa maganar a gidan rediyo, amma minti goma ba ya isa, ga talla, ga kiran waya da ke katsewa. Shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta, har da abin da bidiyon Facebook da TikTok ba sa faɗa.

Mu da muka yi kolej da lise da Faransanci, a takarda muka fara gamuwa da shi tun kafin mu gan shi da ido. Akwai darasin da ake koya mana tsarin cin abincin Faransawa: a fara da antire, wato ɗan abin buɗe ciki, sannan babban abinci, sannan desar. Dariya muke yi a aji, don a gidajenmu tuwo da miyar kuka shi ne antire, shi ne babba, in an samu hura a bayansa an yi desar kenan. To ga shi yau antire ta shigo har cikin unguwanni. Ta fara daga otel-otel da liyafar ma'aikata a Yamai, masu girkin haya suka ɗauko ta, yanzu kuwa ko sunan jariri ne sai ka ga faranti an jera ƙwai kamar an zo gasa.

Ba abin mamaki ba ne in aka duba lissafi. Plato guda ƙwai 30 ne, in an raba kowane biyu ya zama 60. Da plato biyu uwar buki ta cika manyan faranti uku, teburi ya yi kyau a hoto, kuma kuɗin da ta kashe bai kai na cinyar rago ba. A wannan zamani da nama ke neman gagarar talaka, abin da zai sa a fita kunyar baƙi da kuɗi kaɗan dole ya samu karɓuwa. Mu ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan.

Faransawa suna kiransa œufs mimosa, ƙwai mimoza. Mimoza itaciya ce mai fure rawaya, asalinta daga Ostareliya, ta bazu a kudancin Faransa inda take fure a ƙarshen sanyi. Dangin bagaruwa ce. Duk wanda ya taɓa ganin bagaruwa ta yi fure, waɗannan ƴan dunƙule-dunƙulen rawaya masu laushi, to ya ga abin da ake nufi. In an tankaɗe dafaffiyar gwaiduwa a rariya ta zubo a kan farin ƙwai, kamanninta kenan.

A Amurka da Ingila kuwa sunansa ya fi tada hankali, don fassararsa ita ce ƙwan shaiɗan. Wata mai sauraro daga Tasawa ta ji haka a wani bidiyo, ta kira mu a ruɗe, ta ce: "Malam, don Allah ya halatta a ci abu mai wannan suna?" Muka ce Hajiya ki kwantar da hankalinki. Tun 1786 aka samu Turawan Ingila suna amfani da sunan shaiɗan a rubuce wajen kiran abincin da aka cika wa yaji, suna kwatanta zafinsa da zafin wuta. Iyakar maganar kenan. In ɗan mutar da barbaɗin jan tattasai ne ya zama shaiɗan a bakin Bature, ko me zai ce in ya ɗanɗana kilishin Madawa? Su kansu Amurkawa ba duka ke son sunan ba. A kudancin ƙasar, in za a kai shi cin abincin coci, wasu sai su ce cusasshen ƙwai ko ƙwan salad. Suna da faranti na musamman mai gurbi-gurbi da aka ƙera don shi kawai, kuma ba a rasa shi a teburin Ista ko in dangi sun fita shan iska.

Asalinsa ya girmi Amurkar ma. Rumawan da sun saba buɗe walima da ƙwai, su rufe da ƴaƴan itace. Akwai kuma wani littafin girki na Andalus, wato Sifen ta zamanin Musulmi, daga ƙarni na 13, wanda ba a san marubucinsa ba. A ciki an bayyana yadda ake dafa ƙwai, a raba, a cire gwaiduwa a daka ta da ganyen koriyanda da ruwan albasa da masoro da mai da gishiri da wani tsimi da suke kira murri, wanda aikinsa a girkinsu kamar na daddawa ne a namu. Sai a mayar cikin farin, a haɗa ɓari biyun a soke da ɗan tsinke. Mayonez daga baya ya shigo. Littafin girkin wata Ba'amurkiya, Fannie Farmer, da ya fito a Boston a 1896, yana cikin na farko da suka sa shi, kuma abin bai zama ruwan dare ba sai da mayonez na kwalba ya wadata a shaguna. Ku riƙe wannan magana ta Andalus, za mu dawo kanta.

Yanzu ga yadda ake yi. Aikin yana farawa tun a kasuwa. Ƙwan da kaza ta saka jiya ba ya ɓaruwa da kyau, ɓawon yana manne wa farin ya yage shi, ki tashi da abu kamar ɓera ya gutsira. Wanda ya yi kamar mako guda ya fi daɗin ɓara. Amma tsakanin mako guda da ruɓewa akwai tazara, kuma mai sayarwa ba zai gaya miki ba. Ki zuba ruwa a roba ki saka su. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne. Wanda ya tsaya da tsininsa a ƙasa ya ɗan kwana biyu, yana ciyuwa, shi ne ma mai sauƙin ɓara. Wanda ya taso sama a rabu da shi, iska ta taru a cikinsa saboda tsufa. Mai tsaga ma a ware shi a soya a gida.

Ki bari ruwa ya tafasa tukuna, sannan ki sa ƙwan a hankali da ludayi, ki rage wuta kaɗan. Wanda aka sa cikin tafasasshen ruwa ya fi saurin sakin ɓawo a kan wanda aka ɗora tun ruwa na sanyi. A minti biyun farko ki riƙa juya su sannu-sannu, don gwaiduwar ta zauna a tsakiya, in ba haka ba sai ta karkata gefe, bangon farin ya yi siriri ya fashe wajen cikawa. Minti 11 zuwa 12 ya isa. A nan ne yawancinmu ke wuce gona da iri, a ɗora ƙwai a tafi wanki, a dawo bayan rabin awa. Sakamakon shi ne wannan zobe mai kore-kore da ke zagaye gwaiduwa, da warin da kowa ya sani. Sinadarin ƙarfe da ke cikin gwaiduwa ne ya haɗu da farar wuta da ke fita daga farin ƙwai in zafi ya daɗe. Ba ya cutarwa, amma yana ɓata launi, kuma launin nan shi ne rabin abin da aka zo nema. Da an sauke a juye su cikin ruwan sanyi, na ƙanƙara in akwai, na randa in babu, a bar su minti goma.

A ɓare, a raba a tsaye da wuƙa mai kaifi, ana goge ta bayan kowane yanka. A zuba gwaiduwar a kwano, a ajiye kamar guda uku gefe. Ga ƙwai 12, babban cokali shida na mayonez, ƙaramin cokali biyu na mutar, ƙaramin cokali biyu na ruwan lemun tsami ko binegar, gishiri kaɗan, masoro kaɗan. Kada a zuba mayonez ɗin gaba ɗaya, a fara da cokali huɗu a murje da cokali mai yatsu har gudaji su mutu, sannan a ƙara. In ya yi ruwa ba ya gyaruwa sai da ƙarin gwaiduwa. Ba sai an sayi wata na'urar matsawa ba, sabuwar leda fara ta isa, a zuba haɗin a ciki, a yanke kusurwa guda, a matsa cikin ramin kowane fari. Gwaiduwa ukun da aka ajiye a tankaɗe su a rariya a bisa. Jan tattasai, ɗan farsil, an gama. In ana tsoron su riƙa zamewa a faranti, a shimfiɗa ganyen salati a ƙasa, wanda aka wanke aka bar shi ya tsane, ko a ɗan shafto bayan kowane fari da wuƙa ya samu wurin zama.

Har nan duk mai waya zai iya gani a bidiyon minti ɗaya. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne matar da ta yi shi tana cikin kicin mai sanyi, firigo na bayanta, wuta ba ta ɗaukewa, kuma baƙinta takwas za su cinye kafin awa guda. Wannan abinci ne da aka tsara shi a ƙasar da ake ajiye shi cikin sanyi har lokacin da za a kai baki. Mu mun ɗauko ƙwan da mayonez ɗin, sanyin ne muka baro a can.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana cewa dafaffen abinci ko dai a riƙe shi ƙasa da digiri 5, ko sama da digiri 60, kuma kada a bar shi a fili fiye da awa biyu. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙara da cewa in zafin waje ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce kawai. Digiri 32! A Maraɗi ko Ƙwanni cikin Afrilu da Mayu, wannan ai hantsi bai gama ɗagawa ba an wuce shi. Da azahar a inuwa ma ana haura 40, balle ƙarƙashin bash da aka kafa a tsakiyar titi, inda iska ba ta ratsawa.

To yaya buki yake tafiya a wajenmu? Masu girki sun tashi tun asuba. Abin da ya fi cin lokaci da ƙawa shi ake fara gamawa don a huta, saboda haka ƙarfe 8 ƙwai ya riga ya hau faranti, an rufe da leda. Firigon gidan cike yake da lemu da ruwan leda da zoɓo, in ma akwai wuta. Sai a ɗora farantin a kan gado a ɗakin Tanti, a kunna banti, a ja ƙofa. Ɗaurin aure ya ja lokaci, dangin ango ba su iso ba, ana jiran wata babbar Hajiya da ba a buɗe abinci sai ta zo. Ƙarfe 2 ko 3 ake fara ci. Awa shida ko bakwai kenan. Ƙwayar cuta, in ta samu abinci mai laima da ɗumi irin wannan, tana iya rabuwa biyu duk minti 20. Ku ɗauki alƙalami: a awa shida an ninka sau 18, guda ɗaya ta haura 260,000. Kuma ba guda ɗaya ke farawa ba.

Daga ina take zuwa, alhali an dafa ƙwan ya dahu? Daga hannu. Babu abincin da ake taɓawa kamar wannan. A ɓare da hannu, a raba, a ƙwaƙule, a jera, a gyara wanda ya karkace da yatsa. Akwai ƙwayar da likitoci ke kira stafilokok, tana zaune a fata da hancin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, tana kuma taruwa a ƙurji ko yankan wuƙa. Mai ɓarar ƙwai ta share zufa, ta fyace hancin yaro, ta karɓi waya, ta dawo kan aiki. In wannan ƙwaya ta yi yawa a abinci tana sakin dafi, kuma dafin ba ya mutuwa ko an sake ɗumamawa. Tsakanin rabin awa da awa takwas bayan ci sai amai da murɗar ciki su taso. Ɗayar kuma salmonela ce, ita tana zuwa ta ɗanyen ƙwai da kashin kaji a jikin ɓawo, ba ta nuna kanta da wuri, sai bayan awa shida har zuwa kwanaki, da zawo da zazzaɓi. Abin da ya fi muni, duka biyun ba sa canza wari ko ɗanɗano. Uwar buki ta sansana, ta lasa, ta ce lafiya lau, kuma da gaskiyarta, hanci ba ya jin su.

A kan salmonela ne muke roƙon masu kaɗa mayonez a gida su yi haƙuri ranar buki. Mun sani, na gida ya fi daɗi, ya fi arha, kuma abin alfahari ne mace ta ce da hannunta ta kaɗa. Amma da ɗanyar gwaiduwa ake yin shi. Na kwalba an gasa ƙwansa a masana'anta, an kuma sa masa tsami mai yawa da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. A sayi sabuwar kwalba, a duba ranar lalacewa, a buɗe ta a ranar. Sai dai ko na kwalbar, da zarar an cuɗa shi da gwaiduwa tsamin ya ragu, kariyar ta tafi, agogo ya fara tafiya.

Akwai wani suna da muka sani, ba za mu faɗi gari ko unguwa ba. An yi hidima ta gani ta faɗa, har da irin wannan faranti. Cikin dare mutanen gidan da wasu maƙwabta suka fara amai da zawo, yara suka fi jigata, aka kwashi wasu zuwa asibiti. Kafin gari ya waye magana ta riga ta zagaya: uwargida ce ta tsaya kan girkin sunan ɗan amarya, to me ake jira a ji? Wasu suka ce barbaɗe, wasu suka ce baki ne, don an yaba abincin da yawa. Majon da ya karɓe su tambaya biyu ya yi wa matar da ta rako yaran.

"Hajiya, ƙarfe nawa aka haɗa ƙwan?"

"Bayan asuba munka gama shi, Majo."

"Yaran fa, yaushe suka ci?"

"Ai su sai bayan magariba, ragowar da baƙi sunka bari ce anka ba su."

Bai ƙara tambaya ba. Yaran sun warke cikin kwana biyu-uku, alhamdu lillahi. Amma matar da ta tashi tun ƙarfe 4 tana ɓarar ƙwai don ta fita kunyar kishiyarta, har yau akwai dangin da ba sa cin abin hannunta. Bayanin majo a ɗaki guda aka ji shi, zargin kuwa ya shiga kowane gida a unguwar.

Wannan magana ta yara ita ce ta fi tsaya mana a rai. Da yawanmu mun tashi ana ce mana yaro in ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Har yanzu akwai gidajen da kaza ke saka ƙwai a kai kasuwa, ɗan gidan bai ɗanɗana ba, alhali ƙwai guda na ɗauke da kusan giram 6 na abin gina jiki, kuma ma'aikatan lafiya kullum suna kiran a ba yara tun sun kai wata shida. Sai ga shi ranar da ƙwai zai kai bakin yaro, ragowar buki ce da ta wuni a rana, an ƙunso ta a leda cikin jakar uwa ta sake yin awa biyu a hanya. Babba zai iya yin amai ya tashi ya tafi aiki. Yaro ɗan shekara biyu ruwan jikinsa ke ƙarewa. A rahoton da OMS ta fitar a 2015, ta ƙiyasta mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara a duniya, 420,000 su rasu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Yankin Afirka ne ya fi ɗaukar nauyin. Ƙunshin buki al'ada ce mai kyau, ba mu ce a daina ba. A ƙunsa cincin, a ƙunsa soyayyen nama da dubulan. Wannan ƙwan dai inda aka ajiye shi nan ake cinye shi, abin da ya rage bayan awa guda a zubar, ko da zuciya na ciwo.

In kuwa abin ya riga ya faru, a fara ba da ruwan SRO tun a gida, ko lita guda na tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Yaron da ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya yi zafi, a kai shi CSI a daren, kada a jira safiya. Haka mai ciki da tsoho. Kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci da lokacin da aka ci, ba tare da jin kunya ba.

Wata za ta ce to shi kenan an hana mu. A'a, dabara ce kawai za a canza, kuma masu girkin haya na ƙwarai sun daɗe da saninta. A dafa ƙwan, a ɓare, a raba. Farin a jera shi a roba mai murfi, haɗin gwaiduwar a ɗaure shi cikin ledarsa. Duka biyun su shiga kula da ƙanƙara, irin wadda ake sayarwa a leda a kowace unguwa, ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a sama. Kula ta daban, ba wadda yara ke buɗewa kowane minti suna ɗaukar lemu ba. Sai an ga baƙi sun zauna, an fara wanke hannu, sannan mutum biyu su wanke nasu da sabulu su cika. Ƙwai 60 ba ya cin minti goma sha biyar in ledar na hannu. A fitar da ƙaramin faranti, in ya ƙare a cika wani, maimakon babban tire guda da zai zauna yana jiran ƙuda. Tun da sunansa antire, a ba shi matsayinsa, shi ne farkon abin da za a miƙa, kafin shinkafa ta fito ta ɗauke hankalin mutane. Ɓari biyu ga kowane baƙo ya isa. A foyandi ko walimar mutum ashirin wannan abu ne mai sauƙi. A bukin mutum ɗari uku da ba a san lokacin zuwan kowa ba, ra'ayinmu a bar shi, ko a yi wa teburin dangin ango kawai, a kai musu da zarar sun sauka.

Mu koma Andalus. Waɗancan mutane ba su da mayonez, da mai da albasa da kayan yaji suka yi nasu, kuma duk muna da su, wasu ma namu sun fi. Damina na faɗuwa zabi za su fara saka ƙwai, tasha-tasha daga Dogondutsi har Matamai sai ka ga ƴan mata da tire da ƙullin yaji. Ƙwan zabo ƙarami ne, ɓawonsa tauri gare shi, amma gwaiduwarsa ta fi yawa in an kwatanta da girmansa, ta fi launi, ta fi maiƙo. Mun gwada shi a gida: gwaiduwar ƙwan zabo, man gyaɗa mai kyau kaɗan-kaɗan har ta yi laushi, ruwan lemun tsami, albasar Galmi da aka yanka ƙanana sosai, gishiri, sannan a bisa a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli irin na tsire a madadin jan tattasan Turawa. Albasar Galmi ta dace da wannan aiki, don ɗanyarta na da ƙamshi kuma launinta na fitowa a cikin rawaya. Waɗanda muka ba suka ci ba wanda ya tambayi ina mayonez. Wahalarsa guda ce, ɓara, don haka a ƙwanƙwasa shi ko'ina a murza a tafin hannu, a ɓare cikin ruwa. Cire mayonez bai cire agogo ba fa, don ƙwan kansa da hannun da ya taɓa shi su ne abin tsoro. Ƙa'idar awa guda tana nan.

Wani saurayi daga wajen Gidan Runji ya aiko da tambayar da za mu rufe da ita. Ƙanwarsa za a kai ɗaki a ƙauye, babu wuta, babu mai sayar da ƙanƙara, kuma yana son a ga irin wannan faranti a hoton bukin. Ya ce ko a haɗa a Maraɗi a ɗauko a bayan kabu-kabu? Muka ce abokina, kada ka fara. Ka kai ɗanyen ƙwai ƙauyen, shi yana jure hanya in an shimfiɗa masa ƙaiƙayi ko dusa. A dafa a can awa guda kafin a ci, a sanyaya da ruwan randa, a haɗa da man gyaɗa da lemun tsami da yaji, a ɗauki hoton, a raba nan take. In hannu ya yi kaɗan ranar, a bar shi cikin ɓawonsa a zuba a kwando da ƙullin yaji a gefe, kowa ya ɓare nasa, shi ma a dafa shi dab da lokacin ci. Ya ce zai turo mana hoton bayan buki. Masu sayar da ƙwan zabo na Damagaram da Tawa kuma muna jiran ku gaya mana minti nawa kuke ba shi a wuta, don a gidanmu gardama ta tsaya tsakanin tara da goma.